Hannun Uwar Kwaɗi

A tsangayar kimiyya ba mai kiranta da sunanta. A gaban idonta Farfesa ce, in ta ba da baya kuwa Uwar Kwaɗi. Ta san da laƙabin, bai kuma taɓa ɓata mata rai ba, don ita da bakinta takan ce 'ya'yanta na gida uku ne, na wurin aiki kuwa ta daina ƙirga su tun ranar da suka fara haihuwa a bokiti.

Ɗakin gwajinta yana ƙasan bene, can ƙarshen baranda, inda warin ruwan gansakuka yake gauraya da na maganin goge ƙasa. Akwatunan gilashi ne jere a kan kanta, kwaɗi a ciki sun yi zugum kamar masu jiran layi a asibiti. A tsakiyar ɗakin akwai wani tebur na ƙarfe mai nauyin tsiya, an ɗora shi a kan matasan iska don kada motsin ƙasa ya taɓa shi, an kuma kewaye shi da ragar waya kamar akurki. A gaban wannan tebur ta ƙarar da ƙuruciyarta tana bin tambaya guda: idan ruwa ya sauka, mazan kwaɗi suka cika kududdufi da kuka, ta yaya macen take tsinto muryar guda ɗaya a cikin wannan hayaniya, ta juya ta nufe shi? Me yake faruwa a cikin kanta a lokacin?

Aikin ba na mai garaje ba ne. Za a sa wa kwaɗo maganin barci, a buɗe 'yar taga a ƙoƙon kansa wadda ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, a sa hantsaki a ɗaye tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwar ba tare da an taɓa jijiyar jini ba. Sannan a zura allurar gilashi wadda ta fi gashi siranta, a hankali, har ta tsaya a jikin ƙwayar jijiya guda. In an kunna kukan namiji, aka kuma dace, sai ƙwayar ta amsa, a ji ta a lasifika tana ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen ganye. Akwai waɗanda suka fi Farfesa iya rubutu, akwai waɗanda suka fi ta baki a wurin taro, amma hannu dai nata ne. Daga ƙasashe masu nisa akan turo ɗalibai su zo su tsaya a bayanta su ga yadda take ɗaye tantanin nan kamar mai ɓare dafaffen ƙwai.

To, hannun nan ne ya fara rawa.

Da fari ta ɗora wa gajiya, daga baya ta ɗora wa shayi, ta rage shi. In hannun yana zaune a cinyarta lafiya lau yake. Sai ta miƙa shi za ta yi abu mai laushi, zura zare a allura ko sa makulli a ƙofa, sannan yatsun su fara kaɗawa kamar ganye. Ita da ta yi shekaru tana koyar da yadda jijiya ke aika saƙo ba ta bukatar a gaya mata cewa wannan ba gajiya ba ce. Ta tuna mahaifinta a tsufansa, yadda yake riƙe kofi da hannu biyu. Ta rufe bakinta. Ta fara sa riguna masu aljihu.

Wata safiya a farkon damina tana kan tebur, Dogo yana tsaye a gefenta. Dogo tsohon ɗalibinta ne, yanzu shi ma dakta ne yana koyarwa, amma har yau in ta shigo sai ya miƙe, in ya miƙe kuwa sai ya kusa taɓa fanka. Ta sa ido a madubin ƙara girma, ta kai hantsakin bakin tantanin, sai ta ga tsininsa yana ta zane a iska. Ta riƙe numfashi, ta danna gwiwar hannu a tebur, ta sake kaiwa. Tsinin ya zame. Jini ya cika 'yar tagar, ja wur.

A daidai lokacin injin daɓe ƙasa ya tashi a waje, gidi-gidi-gidi, har kwalaben kan kanta suka fara haɗa kai.

“Maginan nan za su kashe mana aiki,” in ji Dogo. “Kin ji har a tafin ƙafata nake jin sa. Ta yaya mutum zai yi aiki a haka?”

Farfesa ta san wanne ya riga wanne. Jinin ya riga injin. Amma ba ta ɗago daga madubin ba.

“Uhm,” ta ce.

Ƙaryar ba ita ta ƙirƙire ta ba. Miƙo mata aka yi, ta sa hannu ta karɓa.

Ginin da ake yi a jikin bangon ɗakinta kuwa ba wani abu ba ne illa hanyar hawa mai gangara, wadda za ta kai mai keken guragu har saman bene. Kowa a tsangayar ya san saboda wa ake yin ta. Malama Sifiri mai koyar da lissafi, wadda ta samo sunanta tun shekarar da ta ba aji guda sifiri daga na gaba har na baya, shan inna ya kama ta tun tana ƙarama. Ajujuwa da ɗakin taro duk a sama suke. Tun da ta fara aiki, duk ranar da take da darasi sai an nemo ƙarfafan ɗalibai sun ɗauke ta da kekenta sun haura da ita, tana yi musu barkwanci cewa duk wanda ya yar da ita ya san makinsa. Ta rubuta koke har ta gaji, shugabanni sun zo sun wuce, sai a bana aka ga mota ta sauke yashi.

Ita ce kuma aminiyar Farfesa tun suna 'yan mata a ɗakin kwanan ɗalibai. Babu wata takardar bincike da Farfesa ta fitar wadda lissafinta bai bi ta hannun Sifiri ba. Kusan kullum da rana sukan ci abinci tare a ƙaramin ofishin Sifiri na ƙasa, wanda asalinsa ma'ajiyar tsintsiya ne. Ita kaɗai ce a duniya take ce mata Uwar Kwaɗi a gaban idonta.

Dogo mutum ne mai kishin malamarsa. Ya ɗauki maganar girgiza ya shiga da ita ofis-ofis. Duk kwaɗon da ya lalace a hannun Farfesa, sai ya girgiza kai ya dubi bango. Ita kuma ta fara zaɓar lokacin da injuna ke aiki ta zauna a tebur. Ba ta taɓa zama ta ƙulla hakan a ranta ba. Ƙafarta ce dai take kai ta a lokacin.

A taron malamai na wannan wata shugaban tsangaya ya dube ta ta saman tabarau. Mutum ne mai son a ga sunan tsangayarsa a jarida, sunan Farfesa kuwa shi ne tutarsa.

“Farfesa, na ji an ce aikinki na bana ya tsaya. Lafiya?”

Kafin ta buɗe baki Dogo ya miƙe ya zayyana komai: kwaɗi ba sa amsa kukan maza yadda ya kamata sai a damina, damina kuma ba ta jira, in ta wuce sai baɗi. Shugaban ya juyo gare ta.

“Haka ne, Farfesa? Ginin ne?”

Ta dubi kujerun da ke kewaye da teburin. Sifiri ba ta nan. Ta daɗe da daina zuwa taro, ta ce ba za ta sa a ɗauke ta kamar buhu don ta je ta ji ana gardama a kan wurin ajiye mota ba. Hannayen Farfesa suna cikin aljihu.

“Girgizar tana da yawa,” ta ce.

Ta gaya wa kanta cewa ba ta yi ƙarya ba, tunda ba ta ce girgizar mene ne ba. Shugaban ya buga biro a tebur ya ce a dakatar da aikin har damina ta ɗauke. Ai wanda ya jira shekaru zai iya jiran 'yan watanni. Aka wuce zuwa batu na gaba.

Washegari da rana ta tsaya a ƙofar ofishin Sifiri da kwanon abincinta, ba ta shiga ba. Sifiri ce ta hango ta.

“Shigo mana, mai hana ruwa gudu. Na ji labari.”

“Ƙawata, wallahi ban ce a tsayar ba. Shugaba ne ya…”

“Zauna ki ci abinci. Kwaɗi ba su san haƙuri ba, ni kuwa ni na haife shi. Ki dai samo mana abin da za mu lissafa, kada in yi jiran banza.”

Ta faɗi haka tana dariya, ta tura mata kujera. Farfesa ta ce cikinta ba daɗi, ta rufe kwanon. Gaskiyar ita ce miya ce a ciki, ba ta kuma yarda da cokali a gaban mutane ba.

Magina suka kwashe injunansu. Ramin da suka haƙa na harsashi ya zauna a buɗe, ƙarafa sun miƙe daga cikinsa. Ruwan sama ya cika shi, ba a jima ba kwaɗin unguwa suka gano shi suka tare. Ɗalibai suka samu abin dariya, wai Uwar Kwaɗi ta kori magina ne don ta gina wa 'ya'yanta gidan haya. Aka kawo mata wannan barkwanci har ofis, ta yi murmushin da ya fi kuka ciwo.

Shiru ya sauka a ɗakin gwaji, irin shirun da ta daɗe tana cewa shi take nema. Yanzu ba bango da za a duba. Ta fara ƙirƙiro wa Dogo aike: ya je ya karɓo sinadari, ya je ya tsaya mata a aji, ya je ya duba ɗaliban da ke kamun kwaɗi a fadama. In ya fita sai ta ja labule ta zauna ita kaɗai. Wata rana takan dace ta buɗe tagar lafiya, sau da yawa kuwa sai dai ta naɗe dabbar a tsumma ta ajiye. A da takan yi shekara ba ta yi asarar kwaɗo a banza ba, tana kuma yi wa ɗalibai faɗa cewa rai ne, ba a taɓa shi sai da dalili.

Wata rana tana saukowa daga bene ta yi kiciɓis da su a kwana. Ɗalibai ne suka ɗauko Sifiri za su haura da ita, biyu a gaba biyu a baya, suna nishi. Na gaba ya yi tuntuɓe, keken ya karkace, takalmin Sifiri ɗaya ya suɓuce ya gangara har ƙasa, 'yar siririyar ƙafarta da ba ta bari a gani ta fito fili. Wata ɗaliba ta ruga ta ɗauko takalmin ta durƙusa tana sa mata.

“A hankali, amarya ce kuka ɗauko,” in ji Sifiri, suka yi dariya. Amma Farfesa ta ga yadda ta damƙe hannun keken har jijiyoyin hannunta suka tashi. Ta manne da bango ta ba su hanya. Sifiri ta kashe mata ido da suka gifta. Ita kuwa ta sauka ta shige banɗaki ta kulle, ta daɗe a tsaye tana kallon famfo.

Abin ya fashe ne wata ranar da ba kowa a barandar. Farfesa ta ja labule, fitilar tebur kaɗai ke ci, ta duƙufa a kan madubi. Ba ta ji buɗe ƙofa ba, tayoyin roba kuma ba sa ƙara. Ta kai hantsakin, ya yi rawa, ta janye. Ta yarfe hannun, ta matsa shi a tsakanin gwiwoyinta, ta sake kaiwa. Ta sa hannun hagu ta riƙe wuyan na dama, sai duka biyun suka kama kaɗawa tare. Ta ajiye hantsakin, ya buga ƙarfen tebur ya yi ƙara.

“Tun yaushe?”

Ta juyo. Sifiri ce a bayanta, da takardu a cinya, ta kawo mata wani lissafi da ta gama.

“Tun yaushe me?”

“Kada ki mai da ni ɗaliba. Ni daga nan ƙasa nake kallon mutane, hannu nake fara gani kafin fuska. Na ga kin daina cin abinci a gabana, na ce ko azumin magana kike yi da ni. Yau ko guduma ba a buga a waje ba. Tun yaushe?”

Farfesa ta dubi ƙasa. “Tun bara.”

“Tun kafin a kawo yashi ke nan.”

“Eh.”

Sifiri ta gyaɗa kai a hankali, kamar wadda ta gama duba amsar ɗalibi ta ga inda ya kauce. Ta jera takardun cinyarta, ta ɗora su a kan kanta kusa da akwatin kwaɗi.

“Da kin zo kin ce mini, ƙawata, hannuna ya fara, ni ce zan fara rufa miki asiri. Da na ce wa shugaba da bakina a tsayar da ginin in har zai ba ki lokaci. Kin san zan yi.”

“Na sani.”

“To ba ramin ne ya fi ci mini rai ba. Rami na saba da shi.” Muryarta ba ta tashi ba, sai ma ƙara sauka da ta yi. “Tun muna 'yan mata kike tura keken nan. Na ɗauka ke kaɗai ce abin bai zame miki komai ba. Ashe duk shekarun nan kallona kike kina cewa Allah ya kiyashe ki. Hannu ya ɗan yi rawa, kin gwammace a ci gaba da ɗaukata kamar kaya da a ce ke ma jikinki ya gaza.”

“Ba haka ba ne.”

“To yaya ne?”

Abin da ya fi ƙona Farfesa shi ne ba ta da tabbacin cewa ba haka ba ne.

“Ki kula da dabbarki,” in ji Sifiri. “Tana motsi.”

Ta juya keken. A bakin ƙofa akwai ɗan tudun siminti mai sauƙin gangarowa a shigowa, mai wuyar hawa a fita, wanda kullum Farfesa ce ke ɗaga mata tayoyin gaba a kansa. Farfesa ta taso da sauri.

“Bar shi.”

Ta tsaya da hannu a miƙe. Sifiri ta ja baya, ta taho da ƙarfi, tayar ta daki tudun ta dawo. Ta sake. Sai da ta yi ta fama kafin ta haye, ba ta waiwayo ba. Farfesa ta koma ta ƙara wa kwaɗon maganin barci, ta rufe masa fatar kai yadda ta iya.

Da yamma ta tarar da maigidanta a tsakar gida yana ba shukokinsa ruwa. Tun da ya yi ritaya ya mai da hankalinsa kan tumatir da ba ya taɓa yin 'ya'ya. Ta zauna a kan dakali ba ta ko cire takalmi ba.

“Baban yara, hannuna yana rawa.”

“Na sani,” ya ce, bai daina zuba ruwan ba. “Kin ɗauka don rowa nake zuba miki rabin kofi?”

Sai a lokacin ta lura. Ya daɗe da kawar da kofunan nan masu faranti a ƙasa, ya sayo manya masu kunne. Shi ke buɗe ƙofa in sun dawo tare.

“Me ya hana ka magana?”

“Ke ce malamar jijiya. Na ce in kin shirya za ki faɗa. Ciwo ai ba abin kunya ba ne, gobe sai mu je asibiti.”

Da ta tsaya a nan, da ta kwana da tausayinsa. Amma ta ci gaba, ta gaya masa batun injin, da taron, da ramin, da abin da Sifiri ta ce. Ya ajiye butar.

“Wannan kam ba hannu ba ne,” ya ce.

Ta cire takalminta ta shiga ɗaki.

Likitan da suka gani yaro ne, ya taɓa zama a ajinta, yana ta sunkuyar da kai yana ce mata Mama. Ya sa ta miƙa hannu, ta taɓa hanci, ta zana da'ira a takarda. Ya ce irin rawar nan ce da ke bin jini, ba ta kisa, magani zai rage ta, za ta ci abinci ta yi rubutu. Da ta tambaye shi aikin tebur, sai ya hau gyara abin awon jini da ba abin da ya same shi.

Daga asibiti ta wuce ofishin shugaban tsangaya. Ya saurare ta, ya yi ta salati, sannan ya sauke murya.

“Farfesa, wannan ai tsakaninmu ne. Sai mu ce an ƙara wa teburinki matashi, girgiza ta daina damunki, magina su dawo. Ba wanda zai ji.”

“A'a, ranka ya daɗe. A taro na faɗa, a taro zan janye. Ina kuma roƙon a yi taron a ƙasa.”

Ya kira ɗan kwangila a gabanta. Mutumin ya ce shi an ce masa sai bayan damina, ya kai injunansa da mutanensa wani aikin, ba zai bar wancan a tsakiya ba. Ramin ma da ruwa ya zauna a ciki sai an sake shi.

An yi taron a ɗakin karatu na ƙasa. Sifiri ta zo, ta tsaya kusa da ƙofa da jan biro tana duba takardun jarrabawa. Farfesa ta miƙe, ta fitar da hannayenta daga aljihu ta ɗora a kan tebur inda kowa zai gani. Ta ce ba gini ne ya lalata mata aiki ba, hannunta ne, ta kuma sani tun ranar farko. Ta ce ta bari an tsayar da hanyar da abokiyar aikinsu ta yi shekaru tana nema don ta ɓoye wannan.

Ta shirya wa zagi, ko shiru mai nauyi. Abin da ta samu ya fi su muni. Kafin ta zauna an kewaye ta. Sannu Farfesa, Allah ya ba da lafiya, ai jarumtaka ce ki faɗa, akwai wani likita da na sani. Wata malama har da hawaye. Ba wanda ya ambaci ginin. Ta tsaya a tsakiyarsu tana karɓar jaje kamar ita aka zalunta, ta saman kafaɗunsu kuma tana ganin Sifiri ta rufe bironta, ta juya kekenta ta fita.

Dogo bai shiga cikin masu jajen ba. Ta same shi a ɗakin gwaji yana wanke akwatin da ba shi da datti.

“Ni na yi ta yawo da maganar nan, Farfesa,” ya ce, bai juyo ba. “Har ofishin Malama na je na yi mata bayanin yadda girgiza ke bi ta ƙasa. Ta ba ni kujera ta saurare ni.”

“Laifina ne, Dogo, ba naka ba.”

“Na sani. Amma bakina ne.”

Ta bar shi ya gama wankin. Sannan ta jawo kujerar tebur, wadda ba wanda ya taɓa zama a kanta sai ita, ta sassauta ta ƙasa daidai tsawonsa.

“Akwai sauran damina. Zauna.”

Haka suka ƙarasa shekarar, shi a madubi, ita a gefe tana kallon allo tana cewa ƙara kaɗan, tsaya, koma baya. Hannunsa kamar shebur, amma ita ta koyar da shi, bai kuma kunyata ta ba. Ranar da suka ji ƙas-ƙas ɗin nan a lasifika, ƙwaya guda tana amsa kukan namiji guda tana ƙyale sauran, ya juyo yana murmushi. Ta ji daɗi, amma daɗin bai kai inda yakan kai ba.

Ginin bai dawo da ɗaukewar damina ba. Ɗan kwangila ya yi ta ɗaga rana. Farfesa ta san ofishinsa kamar gidanta, ta san bencin da ke ƙofar, sakatarensa ya daina tambayarta sunanta. Aka yi jarrabawa, aka yi hutu, aka dawo, ana ta ɗaukar Sifiri ana saukewa. Sai da wata daminar ta kusa kafin aka zuba kankaren ƙarshe. Aka ba Sifiri ofis a sama mai taga, aka mai da tsintsiyoyi ɗakinsu na asali. Farfesa ba ta je wurin buɗewar ba, ba ta kuma taɓa taka gangarar ba, ko da gwiwarta na ciwo. Bene take bi, tana riƙe ƙarfe.

Tsakaninsu gaisuwa ba ta yanke ba. In sun haɗu a baranda akan tambayi gida da yara. Lissafin bincike ma bai tsaya ba, don Sifiri ba ta haɗa aiki da fushi, sai dai yanzu ta kwamfuta yake zuwa, ba ko kalmar wasa a ciki. Abincin rana kuwa kowa a ofishinsa. Farfesa ta je ba da haƙuri har gida, Sifiri ta karɓe ta da mutunci, ta sa aka kawo mata ruwa, ta ce ta ji, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ta fito ta san an ji ɗin, an kuma tsaya a nan.

Da suka gama rubuta sakamakon aikin, sunan Dogo a gaba, wayar ofishinta ta yi ƙara wata safiya.

“Akwai kuskure a jadawalinku na uku,” in ji Sifiri. “Ba zai faɗu a waya ba. Ki hauro.”

Ta haura. Ofishin yana da haske, iska tana kaɗa labule. Sifiri ta nuna mata kujera, ta baje takardun, ta sa jan biro a kan wani layi ta yi mata bayanin inda suka ƙirga kwaɗo ɗaya sau biyu. Gaskiyarta ce. Ta miƙo mata biron.

“Gyara a naki.”

Farfesa ta karɓa. Maganin safe ya fara sakinta, bakin biron yana ta tsalle a kan takardar. Ta danne shi, lambar ta fito a karkace kamar rubutun ɗan aji ɗaya. Sifiri ba ta karɓi biron ta rubuta mata ba, ba ta kuma kau da kai don ta sauƙaƙa mata ba. Ta zauna tana kallon hannun har ya gama.

Sifiri ta jawo takardar ta duba, ta ga lambar daidai ce.

“To,” ta ce. “Buɗe shafi na gaba.”